Minti goma kawai

Ƙafata ce ta jawo komai. Ina cikin kwafar hotuna zuwa babban faifan ajiyarmu mai cin terabayit 8, na miƙe zan ɗauko caja, sai na yi tuntuɓe da wayarsa ta fizge. Da na mayar, Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta fara ƙorafin an samu matsala a tsarin fayil. Faifan nan kuwa shi ne rumbun gidan: hotunan yara tun suna jarirai, takardun uwargida, da bidiyoyin da babu mai sake kallo amma babu mai yarda a goge.

"Maigida, zai gyaru?" in ji ta.

"Minti goma," na ce, ina gyara zama kamar ni na ƙera kwamfutar.

Na sauke faifan daga aiki da umarnin umount, domin ba a binciken ext4, wato tsarin fayil ɗin faifan, yana kan aiki, wannan dai na sani. Na rubuta e2fsck, umarnin da ke bincika tsarin fayil ya gyara. Sai zuciya ta raya mini in ƙara -c, don na taɓa ganin wani ya sa, kuma a ganina yawan haruffa alamar ƙwarewa ce.

Bayan awa guda na leƙa: kashi 1.6 cikin ɗari. Hawainiya ma da ta gani sai ta yi masa gori.

Nan na shiga neman mai laifi. Na tuhumi faifan, na tambayi smartctl, mai duba lafiyar faifai, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na tuhumi ƙwaƙwalwar kwamfuta, tunda na san idan fayiloli suka kai miliyoyi e2fsck kan cinye ta har aiki ya koma rarrafe. Na duba, ko rabi ba a taɓa ba. Daga nan ilimi ya ƙare, aka koma dabara. Na kara kunne a jikin faifan kamar likita. Na kwantar da shi, na tayar da shi tsaye, na sa masa littafi a ƙarƙashi. Har magana na yi masa, cikin lallashi.

Uwargida ba ta ce uffan ba, sai dai duk wucewar da za ta yi sai ta kalli agogon bango, sannan ta kalle ni.

Gari ya waye muna kashi 19. Ido ya raina fata, na kira ƙanina.

"Yaya, karanto mini abin da ka rubuta."

Na karanto. Ya yi shiru, irin shirun mai danne dariya.

"Wa ya ce ka sa -c? Ai badblocks ka tayar, mai neman wuraren da suka lalace a faifai. Sai ya karanta faifan kaf, lungu-lungu, har inda babu komai. A wane rami ka soka wayar, baƙi ko shuɗi?"

Na sunkuya. Baƙi ne.

"USB 2.0 ke nan, Yaya. Da ƙyar yake jan megabayit 35 a daƙiƙa. Raba terabayit 8 da wannan, awa 63 ne da ɗoriya. Ka gode wa Allah ba -cc ka sa ba, wanda ke rubutawa ya sake karantawa, da sai yaran sun girma."

Ya ce tunda karatu kawai ake yi, in tsayar da shi da Ctrl+C, in koma rami shuɗi mai sauri, in sa -f don tilasta bincike, da -C 0 don in riƙa ganin ci gaba. Binciken gaskiya, in ji shi, bayanan fayiloli yake bi a matakai biyar, yawansu ne ke ja masa lokaci fiye da girman faifan.

Na yi yadda ya ce. Kafin in gama miƙa, an gama. Fayil ɗaya tak aka tsinto aka jefa a lost+found, ma'ajiyar fayilolin tsintuwa, ba suna sai lamba. Na buɗe hannuna na rawa, uwargida na tsaye a kaina. Hoton babban yatsana ne, ya rufe rabin kyamara.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, minti goman ya cika ke nan, ko da saura?"