An rage wa "Kidnapped" daraja da aka bar shi a kantar yara

Da an ambaci marubuci ɗan Sikotland Robert Louis Stevenson, abin da ke faɗowa a ran mutane shi ne 'yan fashin teku da taswirar dukiya, wato Treasure Island na 1883. Ni a ganina Kidnapped, wanda ya fito a 1886, ya fi shi nauyi, kuma ba a yi masa adalci ba da aka jera shi cikin littattafan yara kawai.

A sama-sama labarin mai sauƙi ne. David Balfour maraya ne, baffansa Ebenezer ya haɗa baki da kyaftin ɗin wani jirgin ruwa a kai yaron Amurka a sayar, don ya cinye gadonsa. Jirgin ya yi hatsari, David ya tsinci kansa yana gudun tsira a tsaunukan Sikotland tare da ɗan tawaye Alan Breck. To amma wace ƙasa suke ratsawa? Ƙasar da sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe a yaƙin Culloden a 1746, aka ƙwace wa mutanen tsaunuka makamai, aka hana su sa tufafinsu na gado, aka karɓe filayen shugabanninsu. Kisan da ke tsakiyar littafin ma ya faru da gaske: a 1752 aka harbe Colin Campbell, wakilin gwamnati, a yankin Appin, aka rataye James Stewart a kan haka. Daga cikin mutum 15 da suka same shi da laifi, 11 'yan zuriyar Campbell ne, kuma shugaban zuriyar ne ya jagoranci shari'ar. Stevenson lauya ne, ya samu izinin aiki a 1875 ko da yake bai riƙe sana'ar ba, ya san sarai abin da irin wannan shari'a take nufi.

Masu cewa littafin na yara ne suna da hujja, domin a mujallar yara ta Young Folks ya fara fitowa, kuma marubucin ya mayar da kisan Appin zuwa shekarar 1751 ba tare da damuwa da daidaiton tarihi ba. Sai dai rayuwarsa ta nuna inda zuciyarsa take. An haife shi a Edinburgh a 1850, cikin gidan injiniyoyi masu gina hasumiyoyin fitila ga jiragen ruwa, ciwon huhu ya yi ta korarsa daga ƙasa zuwa ƙasa har ya zauna a Samoa, tsibirai a tekun Pasifik. Can ya tarar da Jamus da Birtaniya da Amurka suna rububin tsibiran, ya rubuta littafi a 1892 yana sukar jami'ansu, ya kuma tallafa wa sarakunan da aka ɗaure. Da aka sake su, suka share masa hanya har gidansa na Vailima. Ba waliyyi ba ne fa, shi ma Bature ne mai gandu da barori.

Abin da ya fi gamsar da ni yana cikin ci gaban labarin, Catriona na 1893. David ya ƙuduri ba da shaidar da za ta wanke James Stewart, manya suka sa aka tsare shi a wani tsibiri don kada ya yi magana a kotu. Marubucin da nishaɗin yara kawai ya dame shi da ya kuɓutar da James. Stevenson ya bari aka rataye shi, shekara ɗaya kafin shi ma ya rasu yana da shekara 44.