Jerin duwatsun gonakin Tula ba shingen iyaka ba ne

Baƙo in ya hau tsaunin Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo, jihar Gombe, ya ga duwatsu jere hawa-hawa a gona, yakan ɗauka iyaka ce tsakanin maƙwabta. Sam ba haka ba ne. Tare ƙasa da ruwa suke yi.

A kwance ake jera su, a gicciye gangaren. Manyan duwatsu a gindi, a ɗan tona musu wurin zama, ƙanana su cike ƙofofi. Ba a shafa laka, da gangan, domin ruwa ya tsatso a hankali ya bar ƙasa da taki a baya. Shekara da shekaru wurin yakan cika ya daidaita, dawa da wake su samu danshi har bayan ruwa ya ɗauke.

Inda ake samun matsala shi ne jeri ya karkata. Ruwa sai ya taru gefe ɗaya, ya fasa nan, ya auka wa na ƙasa da ƙarfi, kafin ka ankara kwari ya buɗe. Shi ya sa ake gyara tun bazara, a sake dubawa bayan ruwan farko mai ƙarfi.