Lali na bakin aiki a Fiji, tambari na jiran Sallah

A tsibiran Fiji da nake zaune, da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da lali a ƙarƙashin wata ƴar rumfa kusa da coci ba. Ganga ce da ba ta da fata ko tsirkiya. Gungumen itace mai tauri ake samu, galibi wanda suke kira vesi, a rarake cikinsa kamar komin dabbobi, makaɗi ya riƙa dukan leɓɓansa da gajerun sanduna biyu. Sau da yawa biyu ake ajiyewa, babba da ƙarama, kuma idan gari ya yi shiru amonsu yana kaiwa nesa ƙwarai.

A da, da lali ake shelar yaƙi da nasara da rasuwar basarake, kowane labari da irin kiɗansa. Masu wa'azin Kiristanci na ɗariƙar Methodist sun sauka a tsibirin Lakeba a 1835, Sarki Cakobau na Bau kuma ya karɓi addinin a 1854, amma ba a jefar da gangar ba, sai aka mai da ita mai kiran jama'a zuwa ibada. Har yau da ita ake kiran taron ƙauye, makarantu da dama da ita suke tashin ɗalibai, hotonta ma yana jikin kwabon santi 5.

Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu, ƙasar Hausa, shi ne tambari, wanda na sarki ne shi kaɗai, Sarkin Tambura ke riƙe da shi, galibi kuma ba a jin sa sai a manyan lokuta kamar ranar naɗi ko daren Sallah. Wannan ɓoyewa ta tsare masa kwarjini, ban musa ba. Ni ma raina yakan sosu idan na ga ma'aikacin otal yana buga lali don baƙi su fito cin abincin dare.

Duk da haka, a ganina mutanen Fiji ne suka fi mu dabara. Yaron da ake aika ya buga lali kowace Lahadi yana tashi da kiɗan a hannunsa, masassaƙi kuma bai rasa mai saye ba. Mu kuwa mun bar tambari da kuge a hannun gidaje ƙalilan na gado, shelar gari kuma ta koma bakin lasifika da WhatsApp, har ta kai matashin da aka haifa a cikin birni zai iya girma bai san me wani bugun tambari yake sanarwa ba.