Kabala: asirin Yahudawan da ake ta tsorata mu da shi, ake kuma sayar mana

Duk sanda Isra'ila ta yi wani abu da ya girgiza duniya, ko wani mawaƙin Amurka ya yi kuɗi dare ɗaya, sai ka ji an fara a Facebook da TikTok, wai ai Kabala ce, asirin Yahudawa ne, da shi suke juya duniya. A gefe guda kuma ga wasu sun buɗe shafi suna cewa su sun karanci Kabalar, ka turo dubu kaza a baka suna ɗaya ka karanta tsakar dare kuɗi su zo. Ni a gani na mai tsoratarwar da mai tallar kasuwa ɗaya suke ci, domin wancan ne yake yiwa wannan talla kyauta, kuma dukkansu da ƙyar in akwai wanda ya taɓa buɗe shafi ɗaya na littattafan da suke magana a kai.

Kabala dai ilimin baɗini ne na addinin Yahudanci, kuma mafi yawanta karatu ne mai wahalar gaske, ba surkulle ba. Ɗaya daga tsofaffin littattafan da ta dogara da su shi ne Sefer Yezira, ɗan ƙaramin littafi ne da yake cewa an halicci duniya da haruffan Ibrananci 22 da wasu abubuwa goma da suke kira sefirot. Babban malamin Yahudawa Sa'adiya Gawon, haifaffen Fayyum ta Masar wanda ya rasu a Iraƙi a 942, ya yi masa sharhi, kuma da Larabci ya yi sharhin, don a wancan zamanin Yahudawan ƙasashen Musulmi da Larabci suke rubutu. Amma uban littattafan shi ne Zohar, wanda ya ɓullo a Sifen a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun wani malami Musa de Leon, shi kuma ya ce ba nasa bane, na Shimon bar Yohai ne wanda ya rayu fiye da shekara dubu kafin nan. Bayan Musa ya mutu a 1305 wani malami ɗan Akka ya bi sawun maganar, aka bashi labari cewa matar mamacin ta ce babu wani tsohon littafi, mijinta daga kansa yake rubutawa, ya jingina wa magabata ne saboda in ya ce nasa ne ba mai biyan kuɗi ya saya. Masu riƙo da Kabala har gobe basu yarda da wannan labari ba, amma Gershom Scholem, wanda shi ya kafa nazarin fannin a jami'ar Hibru ta Ƙudus, ya bi harshen littafin ya nuna lallai na zamanin Musa ne.

To me ke cikin Zohar ɗin? Tafsirin Attaura ne da harshen Aramiyanci, cike da ishara, ana ta tattauna yadda Ubangijin da ba shi da iyaka ya bayyana ta waɗannan sefirot goma, da yadda ibadar ɗan Adam take gyara abin da ya ɓaci a sama. Musulmi in ya karanta zai ga abubuwa da yawa da suka ci karo da tauhidi kai tsaye, wannan ba abin ɓoyewa bane, kuma ba mu kaɗai muka gani ba, tun ƙarni na 14 akwai Bayahuden da ya yi musu ba'a cewa Kiristoci sun ce uku, su kuma 'yan Kabala sun ce goma. Amma wanda ya shiga neman lambar da zai ci caca da ita zai sha wahalar banza.

Ba wai babu tsibbu a cikin Yahudawa ba, akwai shi jingim, kuma nan ne abin ya fi bani sha'awa. A Nippur ta ƙasar Iraƙi masu tonon tarihi daga jami'ar Pennsylvania sun haƙo wasu kwanonin yumɓu na wajen ƙarni na 5 zuwa na 7, girmansu kamar kwanon miya, an yi rubutu a ciki da tawada yana zagayawa daga tsakiya har baki, wani lokacin a tsakiyar a zana wata aljana ɗaure da sarƙa gashinta a barbaje. Sai a kife kwanon a binne a ƙarƙashin daɓen gida ko bakin ƙofa, kafin gida kenan sak. Rubutun yakan ambaci sunan mai gidan da sunan mahaifiyarsa (eh, sunan uwa, kamar yadda ake tambaya a wajen masu duba), sannan a rubuta wa aljanar takardar saki, wai an sake ta ta bar gidan. Da yawan waɗanda aka yiwa kwanonin ma sunayensu na Farisawa ne, wato maƙwabta ne ke zuwa wajen marubucin Bayahude. Haka a wani ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira, wanda Solomon Schechter ya kwashi mafi yawansu zuwa Kambirij a 1897, an samu layu da laƙanoni rututu. Kuma in ka duba me ake nema a cikinsu sai jikinka ya yi sanyi: mace ta haihu lafiya, zazzaɓi ya sauka, a gano ɓarawo, wance ta so wane, kasuwa ta buɗe. Babu wanda ke neman mulkin duniya, talakawa ne da damuwar talakawa. Littafin Raziyel da aka buga a Amsterdam a 1701 ma mutane da yawa ba karanta shi suke ba, ajiyewa suke a gida wai yana hana gobara, kuma a cikinsa akwai layar mai jego mai sunayen mala'iku uku da ake ratayewa don tsare jariri daga aljana Lilit.

Wanda ya taɓa leƙa littattafan asiri na Larabci irin su Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Al-Buni, waɗanda ke yawo a hannun malaman tsibbu a ƙasar Hausa, ya ci karo da "Ahya sharahya, Adunai asba'ut, Al shaddai". Wannan Ibrananci ne tsantsa, sunayen Ubangiji ne daga littattafan Yahudawa, na farkon daga ƙissar Annabi Musa a gaban bishiyar da ke ci da wuta. Lissafin haruffa da suke kira gematriya kuwa shi ne hisabin abajada, kowane harafi da adadinsa, shi yasa har yau Bayahude yakan bada kyautar kuɗi 18 ko 36, tunda kalmar rai a harshensu adadinta 18. Aron ta kowane ɓangare aka yi shi, su ma sun kwashi hatimai da laƙanoni daga littattafan Larabawa. Kaga wanda yake zagin Kabala da safe, da yamma ya je a buga masa hatimi, ya kamata ya san kayan sun daɗe da cakuɗewa.

Malaman Yahudawa kuma basu zuba ido ba. Attaurar da ke hannunsu ta haramta duba da sihiri da tambayar matattu ƙarara, har da hukuncin kisa. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya zama likita a fadar Ayyubawa a Masar ya rasu a 1204, ya caccaki masu cusa sunayen mala'iku a cikin ɗan rubutun Attaura da ake liƙawa a dokin ƙofa, ya ce sun maida umarnin Allah laya don biyan buƙatar kansu. Ko a garin Safad na Falasɗinu, inda Kabala ta kai ƙololuwa a ƙarni na 16 bayan an kori Yahudawa daga Sifen a 1492, Ishaƙu Luriya wanda ake ɗauka babban shehin fannin ya hana almajiransa aiki da sunaye, ya ce mutanen zamani basu da tsarkin da za su taɓa su. Shi kansa yana da shekara 38 annoba ta ɗauke shi a 1572.

Abin da ya sa suka ƙara ɗaure fuska shi ne fitinar Shabbatai Zebi. Mutumin Izmir ne, masanin Kabala, wani matashi Natan na Gaza ya shelanta a 1665 cewa shi ne Almasihun da ake jira, ya kawo hujjoji daga Kabalar Luriya, labari ya bazu daga Yaman har Amsterdam, mutane suka dinga sayar da gidaje da kadarori suna shirin tafiya Ƙudus. A 1666 aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Usmaniyya Muhammadu na huɗu a Edirne, aka bashi zaɓi, sai ya musulunta ya ɗaura rawani aka yanka masa albashi. Waɗanda suka sayar da gida fa? Ko oho. Wasu mabiyan ma basu saduda ba, suka ce ai musuluntar tasa wani sirri ne mai zurfi. Shekaru da dama bayan haka rigimar bata mutu ba, a 1751 a Altona (yau a Jamus take, lokacin tana ƙarƙashin Denmark) malam Yaƙubu Emden ya zargi babban malamin garin Yonatan Eybeschutz da cewa layun da yake rubuta wa mata masu ciki akwai sunan Shabbatai a ɓoye ciki, aka buɗe layu ana warware haruffa, al'umma ta rabu biyu har sai da maganar ta kai gaban sarkin Denmark. A 1756 taron malamai a garin Brody ya yanke cewa kada wanda bai kai shekara 30 ba ya karanta Zohar, littattafan Luriya kuma sai ɗan 40. Hujjarsu a fili take, wanda bai ƙoshi da shari'a ba in ya faɗa baɗini ɓata zai yi ya ɓatar da wasu.

Yanzu ga tambayar da nake so masu cewa da Kabala ake mulkin duniya su amsa. In tana bada wannan ƙarfin, ina take a 1492? Ina take a 1648 da aka yi musu kisan kiyashi a Yukiren? Yahudawa miliyan 6 Hitila ya kashe, kuma cikin waɗanda abin ya fi ci akwai 'yan ɗariƙar Hasid na Poland da kewaye, mutanen da suka fi kowa riƙo da Zohar. Waɗanda suka jagoranci aƙidar Sahyoniyanci kuwa, irin su Herzl ɗan jarida da Ben-Gurion, 'yan boko ne da basu damu da ibada ba balle baɗini. Abin da ya ruguza Gaza jiragen yaƙi ne da bama-bamai, da dala biliyan 3.8 da Amurka ke bayarwa duk shekara, da kujerar naƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Na'urorin saƙo da suka fashe a aljihun mutane a Lebanon a Satumbar 2024 aikin leƙen asiri ne da injiniyoyi. In muka ce tsafi ne mun hutar da kanmu, tunda tsafi ba a gina jami'a ko masana'anta don a kamo shi, sannan mun ɗora laifin gwamnati da sojoji akan addinin mutane gaba ɗaya, harda waɗanda ke fitowa zanga-zanga a New York suna adawa da yaƙin.

Na san za a ce to ai sihiri gaskiya ne, ga aya ta 102 a Baƙara, ga ƙissar Labid bin A'asam da ya yi wa Annabi (SAW) sihiri. Ban musa ba. Amma ayar bata ce wata al'umma ce ta mallaki sihiri ita kaɗai ba, kuma ita ce dai ta ce ba sa cutar da kowa da shi sai da izinin Allah. Inda na yarda layu na aiki a siyasar Isra'ila shi ne wajen jan ƙuri'a, don a zaɓen 1996 jam'iyyar Shas ta raba layu masu albarkar malam Yitzhak Kaduri, tsohon ɗan Bagadaza, har sai da hukumar zaɓe ta hana. Wannan kam ba sai an yi mana bayani ba.

Sai 'yan kasuwa. Littafin nan da ake kira na shida da na bakwai na Musa, wanda ya daɗe yana yawo a Najeriya da Ghana ana cewa ɓoyayyen sashen Attaura ne, ba Yahudawa suka rubuta shi ba, wani mai buga littattafai Johann Scheible ne ya fitar da shi a Stuttgart ta Jamus a 1849, Ibranancin da ke ciki ma a hargitse yake. Wani Ba'amurke L. W. de Laurence na Shikago ya sake buga shi yana aikawa ta gidan waya tare da zobba da turaruka, ya kwashi kuɗin mutanen Afirka ta Yamma da Jamaika tun zamanin Turawa. A zamaninmu kuma sai ga Cibiyar Kabala ta Philip Berg a Los Anjelis, wadda mawaƙiya Madonna ta tallata, a lokacin suna sayar da jan zaren ɗaurawa a hannu dala 26 da ruwan gora wai mai albarka, suna cewa ko baka iya Aramiyanci ba ka bi layukan Zohar da ido kawai haske zai shige ka. Malaman Yahudawa da dama sun yi tir da su. Na Facebook ɗinmu jikokin waɗannan ne, sai dai su ko zaren basa aikowa, da ka tura kuɗin rajista sai a ce saura na turare, daga nan na rantsuwa, daga nan a toshe ka.

Wanda yake son sanin abin don ilimi, tarihin addinai fanni ne da ake karantawa a jami'a, kuma malamanmu na da irin Shahrastani da Ibn Hazm sun rubuta littattafai akan aƙidun Yahudu da Nasara bayan sun karance su. Zohar ɗin da ake cewa sirri ne jami'ar Stanford ta buga fassararsa ta Turanci mujalladi 12, aka kammala a 2017, asalin Aramiyancin kuma yana nan a intanet kyauta.