Janar Grant ma yana da nasa laifin

Masu ba da labarin Ulysses S. Grant sukan ƙare da tausaya masa. Gwarzon yaƙin basasar Amurka ne, shi Janar Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ya miƙa wa wuya a Appomattox a 1865, ya mulki ƙasar daga 1869 zuwa 1877, sai wani matashi ya damfare shi ya bar shi ba ko sisi. Ni dai ban wanke shi ba.

Bayan ya sauka, ɗansa ya haɗa jari da wannan matashin, Ferdinand Ward, a New York, suka buɗe kamfanin hada-hadar kuɗi mai suna Grant & Ward, tsohon ma ya shigo da nasa. Ward yana hure wa mutane kunne wai yana da kwangilolin gwamnati masu tsoka, alhali babu su. Kuɗin sababbin shiga yake ɗiba ya ba na farko, ya ce riba ce. To, wa ya san Ward? Sunan Grant mutane suka gani a ƙofa, har tsofaffin sojojinsa suka kawo ɗan abin da suka tara. Shi kuwa janar sai ya zo ofis, ya kunna sigarinsa, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. A ce mutumin da ya tsara kewaye birnin Vicksburg a lokacin yaƙin ya kasa buɗe littafin lissafi? Kuma ba farau ba ne. Yana kan mulki badaƙalar harajin giya ta 1875 ta taɓo sakatarensa Babcock, shi da kansa ya ba da shaidar kare shi.

A watan Mayun 1884 Ward ya zo masa da kukan cewa bankin Marine, inda kamfanin ke ajiye kuɗinsa, na tangal-tangal. Grant ya je ya ranto dala 150,000 wajen attajiri William Vanderbilt ya damƙa masa. Kwana biyu tsakani, bankin da kamfanin suka rufta.

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Vanderbilt ya so ya yafe bashin, Grant ya ƙi, ya miƙa kadarorinsa har da takubban girmamawa. Sannan yana fama da sankarar maƙogwaro ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya gama kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ranar 23 ga Yulin 1885. Littafin ya samar wa matarsa Julia dukiya mai yawa, Ward kuma ya tafi kurkukun Sing Sing. Amma kuɗin littafin na Julia ne, ba na waɗanda suka zuba jarinsu don sun ga sunan mijinta ba.