Kundin digiri da ake fara koya ranar da ake buƙatarsa

Ranar da na kai kundin digirina wajen ɗaurewa, mai shagon ya tambaye ni kwafi nawa nake so, na ce huɗu. Aka yi masa baƙin bango, aka buga sunana da ruwan zinare. Na yi murna ƙwarai. Sai da na zo Ingila karatun digiri na uku, aka ba ni ɗaliban aji ɗaya da aji biyu ina taimaka wa malamansu, sannan na gane abin da aka hana mu a gida.

A nan, tun zangon farko ake ba ɗalibi tambaya a ce ya amsa ta da rubutun kalma dubu ɗaya da ɗari biyar, ya nemo abin da masana suka faɗa, ya nuna inda ya samo kowace magana. Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara sha tara ba, na rubuta mata a gefen takarda: "Wa ya faɗi haka, kuma me ya sa kika yarda?" Sati na zagayowa sai ga ta da maƙaloli biyu da suka saɓa wa juna, ta ja layi da jan biro a inda take ganin ɗaya ya yi rauni wajen zaɓen mutanen da ya yi wa tambayoyi. Ta yi gaskiya kuwa. A jami'o'i da yawa a nan makin shekarar farko ba ya shiga lissafin darajar digiri, don haka yaro yana da sararin yin kuskure a gyara masa. Kafin ya kai shekarar ƙarshe, inda zai rubuta kundi na kusan kalma dubu goma, hannunsa ya riga ya saba.

Mu kuwa shekara uku muka yi malam yana karantowa muna rubutawa. A sayi handawut, a haddace, ranar jarrabawa a mayar wa malam da kayansa. Kwatsam a aji huɗu aka ce kowa ya kawo batutuwa uku a zaɓar masa ɗaya, babi na ɗaya zuwa na biyar. Ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake karanta maƙala a auna ta. Shi ya sa babi na biyu, inda ake bitar abin da masana suka rubuta, yake zama haɗe-haɗen tsofaffin kundaye, kuma na ga waɗanda suka zauna a ɗakin kwana suka cike takardun tambayoyinsu da kansu, suna sauya biro. Ba na ganin laifinsu su kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a ɗauka nan babu maguɗi. Sayen rubutu ya yi ƙamari har sai da Ingila ta haramta sana'ar da doka a 2022, yanzu kuma ChatGPT ya shigo ya dagula lissafi, Turnitin da ake gano kwafi da shi ba ya kama komai da komai. Kuɗi ma na magana: ɗan ƙasa yana biyan sama da fam dubu tara a shekara. Malamanmu na gida kuwa mutum ɗaya ake jibga wa ɗalibai masu yawa ya duba kundinsu, ga rashin wuta, ga yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Wanda ya koyar a haka ya cancanci girmamawa.

Amma abin da nake nema ba ya buƙatar dala ko sabon gini. A ba ɗan aji biyu ƙaramin aiki na shafi biyar. Mai karatun tattalin arziki ya je kasuwar Dawanau sati shida yana rubuta farashin gero, ya tambayi dillalai dalilin hawa da sauka. Mai kimiyyar sinadarai ya ɗebo ruwan da masana'antun jima ke zubarwa a Sharaɗa da Challawa ya gwada. Mai nazarin ƙasa ya zauna da manoma da masunta a fadamar Haɗejia da Nguru ya ji yadda ciyawar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ɗan tarihi yana da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko ya sauka Ƙofar Mata a Kano wajen marina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ɗakin karatun da nake zama a nan na fi samun bayanin karkarar Kano da Katsina, rubutun baƙin da suka je suka zauna da mutanenmu suka saurare su. Mu da aka haifa a wurin muna kwafo batutuwa daga intanet.

Damar ma tana nan. Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'in Najeriya, NUC, ta fito da shi a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. A wannan kason ya kamata irin wannan aiki ya shiga, a kuma mayar wa ɗalibi takardarsa da gyara a jiki, ba maki kawai a allon sanarwa ba.

Ƙanena yana aji uku a fannin aikin gona. Na ce masa, Ƙane, kada ka jira a ce ka kawo batu, sayi littafin rubutu ka riƙa bin Baba gona da kasuwa, duk abin da ka gani ka rubuta da kwanan wata. Makon jiya ya kira ni, ya ce Yaya, ya lura masu sayar da wake da kaka su ne ke komawa su saya da tsada da damina, yana son sanin ko ƙwari ne ke hana su ajiya ko bashi. Na ce ya fara da tambayar gida goma.