Kundin tsarin mulkin da ba a ba jama'a damar ƙinsa ba

Duk lokacin da aka ta da maganar yi wa kundin tsarin mulkin Najeriya kwaskwarima, sai a ambaci Amurka, tunda daga can muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kundin da wakilai suka sa wa hannu a Filadelfiya ranar 17 ga Satumba, 1787, ba shi da babin haƙƙoƙi, in ban da 'yan kariya kaɗan da aka warwatsa a ciki. Ba a rubuta 'yancin faɗin albarkacin baki ba, ba a hana jami'ai kutsa wa mutum gida ba. George Mason na Birjiniya ya nemi a saka saura kwana biyar a tashi taro, aka yi fatali da buƙatarsa, shi kuma ya ƙi sa hannu.

Sashe na bakwai na kundin ne ya gyara ɓarnar. Ya ce sai jihohi 9 cikin 13 sun amince kafin kundin ya fara aiki, kuma ba majalisun dokokin jihohi aka ɗora wa aikin ba. Kowace jiha ta zaɓi wakilai na musamman don wannan magana kaɗai. Dalilin a fili yake: sabon tsarin zai rage wa majalisun jihohi iko, ba kuwa a ba kura ajiyar nama.

A waɗannan tarurruka aka kai ruwa rana. Alexander Hamilton, mai goyon bayan kundin, ya ce jera haƙƙoƙi haɗari ne, domin gobe gwamnati za ta ce duk abin da ba a jera ba halal ne ta taɓa shi. Hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai 'yan adawa mutane ne da ba su daɗe da ganin jami'an Ingila suna binciken gidaje da shaguna da takardar izini mara suna ba, don haka suka ce a rubuta. A Massachusetts, cikin Fabrairun 1788, ƙuri'a ta tsaya 187 da 168, kuma sai da aka yarda a haɗa amincewar da jerin gyare-gyaren da jihar ke nema. Birjiniya ta wuce da 89 da 79, New York da 30 da 27. Karolina ta Arewa ma ƙi ta yi, sai a Nuwamban 1789 ta shigo.

Da irin wannan tazara, masu rinjaye sun san alkawarin da suka ɗauka bashi ne. James Madison, wanda da farko bai ga amfanin babin haƙƙoƙi ba, shi ya gabatar da shi a majalisa ranar 8 ga Yuni, 1789. Majalisa ta aika wa jihohi gyara 12, goma suka tabbata ranar 15 ga Disamba, 1791. Na tara a cikinsu amsa ce ga Hamilton: jera wasu haƙƙoƙi ba ya soke waɗanda ba a jera ba. Kada dai a mai da abin tatsuniya. Bayi da mata ba su da baki a muhawarar, kuma a 1833 Kotun Ƙoli ta ce gyare-gyaren gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure, ban da jihohi.

Mu ma babin haƙƙoƙinmu daga masu tsoro ya samo asali. Hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, ita ta ba da shawararsa a 1958, ya shiga kundin 1960. Amma kundin 1999 bai bi ta hannun masu iya cewa a'a ba. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya ji ra'ayoyi na 'yan makonni, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da shi a dokar soja mai lamba 24, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu.

Wani zai ce to mene ne, ai ga Babi na Huɗu nan, babin haƙƙoƙi, daga sashe na 33 zuwa 46. Gaskiya ne, har sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Amma a duba abin da ya wuce ba tare da ciniki ba. Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita 'yancin sirri da addini da magana da taro da zirga-zirga da sunan tsaro ko zaman lafiya ko tarbiyya, ƙofa mai faɗin gaske. Sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kotu sauraron ƙara a kan Babi na Biyu, inda alkawarin ilimi da kiwon lafiya yake. A ganina, da an zaɓi wakilai a Kano da Binuwai da Ribas aka ce kundin ba zai tsaya ba sai da yardarsu, da wuya waɗannan sassa biyu su fita yadda suka shiga.

Hanyar gyara ma ta bi ta inda Amurkawa suka kauce a karon farko. Sashe na 9 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36, waɗanda galibi ke bin fuskar gwamna. A nan ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya maƙale a zagayen da aka kammala a 2023.

Saboda haka masu kiran a yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundi su fara da sashe na 9 ɗin kansa, don babu wannan tanadi a cikinsa. Taɓa shi, kamar taɓa Babi na Huɗu, sai da kashi huɗu cikin biyar: sanatoci 88 cikin 109, 'yan majalisar wakilai 288 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24, wato waɗanda ake neman karɓe wa ikon.